Jarrabawa ta ƙarato, Abba kuma ya ce darasin zai lalata ni

Assalamu alaikum Anti. Ni yarinya ce 'yar shekara 16. Asalinmu Katsinawa ne, amma yanzu muna zaune a wani gari a arewacin Ingila. Saura mako bakwai in rubuta jarrabawar GCSE, wadda ake yi a ƙarshen sakandare a nan, kuma cikin darussan da na ɗauka akwai soshiyoloji, wato ilimin zamantakewa, na hukumar jarrabawa ta AQA. Da farko ina son darasin sosai, amma tun da muka shiga batun jinsi da irin kuɗin goron da ake yi wa maza da mata, komai ya dagule mini. Ran nan malamarmu tana bayani a kan danniyar da ake yi wa mata, sai ta juyo ta ce ko zan gaya wa aji yadda abin yake "a al'adarku". Ni kaɗai ce mai hijabi a ajin. Wani yaro ya ce ai su tun suna yara ake zaɓa musu miji, aka kwashe da dariya. Na kasa cewa uffan, sai da na shiga banɗaki na yi kuka. A gida kuma Abba ya ɗauki littafina ya karanta wani shafi, ya ce irin wannan karatun ne ke sa 'ya'ya mata su raina iyaye da miji, da ya sani da bai bari na ɗauka ba. Umma tana aikin kula da tsofaffi, wani lokaci har dare, don haka ni ke girki da wanke-wanke da kula da ƙannena biyu. Yayana shekararsa 18, shi ma yana da jarrabawa, amma ba mai sa shi komai. In na karanta littafin sai in ga kamar da gidanmu ake, sai in ji haushi, daga baya kuma in ji tsoron ko na yi zunubi. A gwajin da muka yi na ƙarshe mataki na 4 na samu, ni kuwa 7 nake nema, a ma'aunin da 9 ne ƙololuwa. Anti, in na rubuta abin da suke so na saɓa wa addinina? Ko in haƙura da darasin kawai? Daga 'yarki mai cikin damuwa.

Wa alaikumus salam 'yata. Sannu da ƙoƙari, Allah ya yi miki albarka. Kukan nan da kika yi ke kaɗai ya taɓa ni ƙwarai, domin bai kamata a tsayar da yarinya kamarki a gaban aji a ce ta amsa da bakin al'umma guda ba. Zan dawo kan wannan. Amma bari in fara da tambayar da ta fi ci miki rai, saboda muddin kina buɗe littafi da fargabar zunubi, ko kwana kika yi a kansa ba abin da zai zauna.

Ba ki saɓa wa addininki ba, kuma kada ki bar darasin. Hujjata tana cikin takardar jarrabawar kanta. Takardu biyu za ki rubuta, kowace awa ɗaya da minti 45, maki 100. Ta farko a kan iyali da ilimi, ta biyu a kan laifuffuka da bambancin matsayi tsakanin jama'a. Batun jinsi ba shi da takarda tasa, ya ratsa dukkan sassan huɗu ne. A kowace takarda akwai manyan tambayoyi huɗu masu maki 12, wato kusan rabin makin ke nan, kuma da lafazi ɗaya suke zuwa: ki tattauna iya gwargwadon yadda masana zamantakewa za su yarda da magana kaza. Ba wanda zai tambaye ki abin da kika yi imani da shi. Abin da ake nema shi ne ki faɗi wane ya ce me, da wace hujja, wa ya musa masa, sannan ki auna. Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne a wurin malamanmu. Imamu Gazali, kafin ya yi wa masana falsafa raddi, sai da ya zauna ya rubuta ra'ayoyinsu dalla-dalla kamar yadda su da kansu suke faɗa. Kawo maganar mutum daidai amana ce, ba mubaya'a ba ce.

Bari mu gwada da tambayar da ta shafe ki kai tsaye. A ce an tambaye ki ko masana za su yarda cewa har yau aikin gida a kan mata ya fi sauka. Sai ki fara da Talcott Parsons, Ba'amurken da ya yi rubutu a shekarun 1950, wanda ya ce namiji ya fita nema, mace ta riƙe gida da tarbiyya da kwantar wa iyali hankali, kuma a ganinsa wannan rabon aiki ya dace da halitta, yana amfanar al'umma. Kin ga ra'ayinsa bai yi nisa da na Abbanki ba, ga shi kuma a cikin manhajar, ana ba da maki a kansa. Daga nan ki kawo Willmott da Young, waɗanda binciken da suka yi a yankin Landan ya fito a 1973, suka ce zaman aure yana komawa na daidaito, har kashi 72 cikin 100 na magidanta suna taimakawa a gida. Sai Ann Oakley ta ce a'a, a duba yadda aka yi tambayar: namijin da ya taɓa wani ɗan aiki sau ɗaya a mako ma an ƙirga shi cikin masu taimako. Ita ta zauna da matan aure 40 a Landan, bincikenta ya fito a 1974, ta tarar kashi 15 cikin 100 na mazan ne kawai suke sa hannu sosai. To ita ma Oakley ba a ƙyale ta ba. Mata 40 ba su isa su wakilci ƙasa ba, kuma an yi binciken fiye da shekara 50 da suka wuce, kafin mata su cika wuraren aiki kamar yanzu. In kika jera waɗannan, kika rufe da hukuncinki a kan wace hujja ta fi ƙarfi da dalilin da ya sa, kin amsa tambaya mai maki 12. Nuna mini inda kika taɓa aƙidarki a ciki.

Ba zan ɓoye miki ba, akwai ra'ayoyi a manhajar da ba za ki yarda da su ba, ni ma ban yarda da su duka ba. Delphy da Leonard, a 1992, sun kalli iyali kansa a matsayin tsarin da namiji ke cin gumin mace kyauta. Wataƙila irin wannan shafin ne Abba ya faɗa a kai. Ki rubuta "Delphy da Leonard suna ganin", ki bayyana shi da kyau, sannan ki kawo sukar da aka yi musu, cewa sun ɗauki duk gidaje iri ɗaya ne, sun manta da matan da suka zaɓi zaman gida da son ransu suna kuma jin daɗinsa. Ɗalibar da ta iya suka da hujja ita ke hawa daga 4 zuwa 7. Rashin yardar nan taki, in kin iya sarrafa ta, maki ce.

Tushen babin gaba ɗaya bambanci ne guda da Oakley ta shahara da shi tun 1972, tsakanin halittar jiki da aka haifi mutum da ita, da kuma ɗabi'u da ayyukan da jama'a suke ɗora wa namiji ko mace. Kuma ke kin fi 'yan ajinku damar gane wannan, don kin rayu a ƙasa biyu. Tuna gida. Wa ke zama a zaure yana aikin zare a wuyan babbar riga? Namiji. Mai wanki da guga namiji ne, mai shayi namiji, mai tsire namiji, masu kayan miya a kasuwannin Arewa yawancinsu maza, alhali in kin sauka Ibadan ko Legas mata ne suka riƙe kasuwa. A Ingila kuwa an daɗe ana ɗaukar ɗinki aikin mata. Matan da ke ɗinka rigunan kujerun mota a masana'antar Ford da ke Dagenham su ne suka yi yajin aiki a 1968 saboda an sa aikinsu a ajin da bai kai na maza albashi ba, yajin da ya taimaka aka yi dokar daidaita albashi ta 1970. Allura ɗaya ce, a can ta maza, a nan ta mata. Wannan bai nuna babu bambanci tsakanin namiji da mace ba, su kansu masanan suna jayayya a kan iyakar abin da halitta ta tsara. Abin da ya nuna shi ne da yawa daga abin da muke cewa "haka Allah ya yi mu", koya mana aka yi. Oakley ta kawo hanyoyi huɗu da ake koyar da shi tun a goye: yadda ake tafiyar da yaro, kamar yi wa mace ado a bar namiji ya yi ta guje-guje, kayan wasan da ake ba shi, 'yar tsana da 'yar tukunya ko ƙwallo da mota, kalmomin da ake gaya masa, irin su "namiji ba ya kuka" da "zauna kamar mace", sai ayyukan da ake sa shi. Kin san kowanne da idonki. Sai dai ki kula, misalan gida don ki fahimta ne. A takardar amsa jimla ɗaya ta wadatar in ta dace, mai duba takarda sunayen masana da kalmomin fanni yake nema.

Yanzu ga abin da ya faru a aji. Ina kyautata wa malamar nan zato, mai yiwuwa so ta yi ta jawo ki cikin hira, ta nuna tana girmama inda kika fito. Amma niyya daban, sakamako daban. Ta kalli hijabinki ta yanke cewa kina da labarin danniya da za ki bayar, kuma ta bar yaron nan ya yi miki izgili ba ta tsawata ba. Ta yi kuskure, kuma ya kamata ta sani, ba don a kunyata ta ba, don kada ta maimaita wa wata. Ki same ta bayan an tashi, ko ki aika mata saƙo in kin ga bakinki zai yi nauyi. Ki ce kina son darasinta, amma ranar da ta ware ki a gaban aji kin ji ciwo, kina roƙon kada a sake tambayarki da sunan addini ko ƙabila sai in ke kika ɗaga hannu. A wannan zaman kuma ki roƙe ta ta duba miki amsa ɗaya mai maki 12 kowane mako. Yawancin malamai suna murna da ɗalibar da ta zo da irin wannan buƙata, kuma hakan zai mayar da alaƙarku kan karatu. In yaron ya sake, ko wani ya ɗauki zancen, kada ki haɗiye. Ki gaya wa malamin da ke kula da ajinku, ki gaya wa Umma. Dokar daidaito ta 2010 ta hana makarantu a Ingila nuna wa ɗalibi bambanci saboda addininsa ko launinsa ko jinsinsa, kuma kowace makaranta tana da ƙa'idar hana cin zali. Haƙƙinki ne, ba alfarma kike nema ba.

Abin da aka yi miki yana da suna a littafinki. Howard Becker ya yi bayanin yadda ake laƙaba wa mutum wani hali, a yi ta mu'amala da shi a kan haka har shi ma ya yarda ya zama hakan. Malami ya ɗauka yarinya mai shiru-shiru ba ta da ra'ayi, ya daina tambayarta, ta ƙara yin shiru, ya ce ai ga shi nan. Amma akwai wani binciken da nake so ki riƙe, na Fuller, a kan wasu 'yan mata baƙaƙe a wata makaranta a Landan. An yi musu kallon marasa ƙoƙari, suka ji haushi, suka juya haushin ya koma karatu, suka ci jarrabawa ba tare da sun nemi yardar malaman ba. Masana suna kawo shi don nuna cewa laƙabi ba dole ne ya bi mutum ba. Kuma kuɗin goro ba mata kaɗai yake ci ba. Paul Willis, a binciken da ya fito a 1977, ya bi yara maza 12 'ya'yan ma'aikata da suka ɗauki karatu abin mata, taurin kai kuma shi ne mazantaka, suka ƙare a aikin ƙarfi irin na iyayensu. Shekaru da dama ke nan 'yan mata suna gaba da maza a sakamakon GCSE. Sue Sharpe ta tambayi 'yan matan makaranta a Landan a shekarun 1970 abin da suka fi so a rayuwa, suka sa soyayya da aure da 'ya'ya a gaba. Da ta koma a shekarun 1990 sai ta tarar aiki da dogaro da kai sun hau sama.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, 'yata, kada mu ce Turawa kaɗai ke yi wa mace kuɗin goro. Mu ma muna yi. Wace 'ya mace ce ba ta taɓa jin an ce karatunta a madafi zai ƙare ba? Amma wannan maganar ba daga addini ta fito ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soki malaman da ke karantar da almajirai su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa ƙungiyar 'yan taru, tana tura malamai mata da ake kira jaji ƙauye-ƙauye suna karantar da mata. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri a kan 'yancin matan Arewa, waɗanda sai a shekarun 1970 suka samu damar jefa ƙuri'a. Ita ma Ingilar sai 1928 mata suka samu ƙuri'a daidai da maza, sai 1975 aka haramta nuna musu bambanci wajen aiki da ilimi. Kowace al'umma da irin gwagwarmayarta. Don haka haushin da kike ji in kin ga kina gaban tukunya yayanki yana hutawa ba zunubi ba ne, ganin rashin adalci ne. Inda ake jin tsoro shi ne ya kai ki ga ɗaga wa iyaye murya ko raina su, kuma wasiƙarki ba ta yi kama da ta mai raini ba.

Abbanki kuma, ki fahimce shi kafin ki nemi ya fahimce ki. Mutum ne da ya kwaso iyalinsa ya kawo ƙasar da ba tasa ba, yana ganin 'ya'yan wasu sun tashi sun juya wa iyayensu baya, yana tsoron kada tasa ta kufce masa. Ya buɗe littafi ya ci karo da shafi ɗaya mai zafi, bai ga na gaba da ke sukarsa ba. Maganarsa ta yi kaushi, amma tsoro ne ke ƙarƙashinta, tsoron kuma daga so yake. Kada ki yi masa gardama, kuma don Allah kada ki shigo da kalmomin aji cikin gida. Ranar da kika ce wa Abba gidansa na danniya ne, kin tabbatar masa da abin da yake tsoro, ƙofa kuma ta rufe. Ki fara da Umma, ki gaya mata komai har da kukan banɗaki. Ita ta san lokacin da ake samun kansa. In lokacin ya yi, ki kawo masa tsohuwar takardar jarrabawa, ba littafin ba, ki ce Abba ga irin tambayar da ake mana, ana so mu kawo ra'ayi da kishiyarsa. Ki nuna masa Parsons. Ki gaya masa cewa cikin waɗanda ake lissafawa a magabatan wannan fanni akwai Ibn Khaldun, malamin Musulunci da aka haifa a Tunis a 1332, wanda ya yi alƙalancin Malikiyya a Alƙahira. Sannan ki tambaye shi yadda ake raba aiki a gidansu yana yaro, me kakarki take yi, wace sana'a take daga cikin gida. Uba yana son ya ji 'yarsa tana neman sani a wurinsa, kuma za ki sha mamakin abin da za ki ji.

In kuma ya ƙi sauraro, ba sai kin ci nasara a muhawara ba. Bai ce ki daina ba, cewa ya yi da ya sani. Abin da kike buƙata shi ne albarkarsa ta mako bakwai. Ki ce masa barin darasi yanzu asarar sakamako guda ce bayan wahalar shekara biyu, kuma ba dole ba ne ki ci gaba da shi a mataki na gaba, za ku zauna ku yi shawara idan sakamako ya fito. In akwai wani kawu ko malamin masallaci da yake jin maganarsa, wanda kuma ya san karatun ƙasar, Umma tana iya sa shi ya sa baki.

Maganar aikin gida ita ce nake ganin ta fi cin makinki, fiye da malama, fiye da Abba. Umma ba ta da laifi, tana tsaye a kan ƙafarta har dare don ku, kuma yadda aka rene ta haka take renonki. Yayanki ma wataƙila bai taɓa lura ba, wanda aka saba zuba wa abinci ba ya tambayar wa ya wanke tukunya. Kada ki nemi a sauya tsarin gida gaba ɗaya yanzu, ki nemi abu ƙarami mai iyaka. Ki same shi ku biyu, ba a gaban Abba ba, ki ce Yaya ni da kai duk jarrabawa ce a gabanmu, ka ɗauke mini wanke-wanken dare da raka yara su kwanta kwana uku a mako har mu gama. Da aka tambayi Nana A'isha me Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake yi a gida, cewa ta yi yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi ya fita. Hadisin yana cikin Bukhari. Ki riƙe shi, amma ki faɗe shi da taushi in buƙata ta taso, kada ki mai da shi sanda. Ku kuma yi miya mai yawa ranar hutu ke da Umma a sa a firiza, ƙannen su riƙa kwashe kwanukansu. In duk wannan bai samu ba, ki nemi izinin tsayawa awa ɗaya a ɗakin karatun makaranta bayan an tashi, ko ki tashi bayan asuba kafin gida ya farka. Awa ɗaya a natse ta fi uku da kike yi kina leƙa tukunya.

Ga yadda zan so ki raba makonnin, ba tare da kin manta cewa kina da sauran darussa ba. Biyun farko na tattara kaya ne. Ki samu ƙananan katuna, kowane masani da nasa: suna, shekara, ɓangaren da yake, hanyar da ya bi wajen bincike, abin da ya gano, da suka guda ɗaya. Bayan waɗanda na ambata, kada ki bar na takarda ta biyu. Heidensohn, a 1985, ta ce mata ba su cika aikata laifi ba saboda ana sa musu ido a gida da titi da wurin aiki. Carlen, a 1988, ta yi hira da mata 39 da aka taɓa samu da laifi, ta ce sukan faɗa ne idan alkawarin samun rufin asiri ta hanyar aiki ko ta hanyar iyali ya ci tura. Walby, a 1990, ta lissafa wurare shida da take ganin rinjayen maza yake zaune: aikin albashi, aikin gida, al'ada, mu'amalar jinsi, cin zarafi da hukuma. Hanyar binciken tana da muhimmanci, domin ana tambaya a kanta, kuma nan ne suka mafi sauƙi take: mutum nawa aka tambaya, a ina, yaushe.

Kada ki tsaya maimaita karatu kina shafa wa layuka launi, wannan yana sa mutum ya ji kamar ya iya alhali bai iya ba. Ki kifa katin ki faɗo abin da ke ciki da ka, wanda kika manta ki sake dawo masa bayan kwana biyu. Ki gwada yi wa Umma bayanin Oakley da Hausa kuna yankan albasa. In kin iya faɗinsa da harshenki ta gane, to kin mallake shi, ita ma kuma za ta ga abin da 'yarta take karantawa ba dodo ba ne.

Daga mako na uku ki koma tsofaffin takardun jarrabawa. Suna nan kyauta a shafin intanet na hukumar, tare da takardar da ke nuna yadda ake rabon maki. Lissafin lokaci mai sauƙi ne, minti 105 ga maki 100, kusan minti ɗaya ga kowane maki. Ki sa agogo, ki ba babbar tambaya minti 12 zuwa 15, ɗaya na farko ki tsara: sakin layi mai goyon baya, ɗaya ko biyu masu ja, sai hukunci. Yawancin masu tsayawa a 4 sun san abin, amma gefe ɗaya suke rubutawa, ko su cinye lokaci a ƙananan tambayoyi su iso manyan a gajiye. Ki duba takardar gwajinki ki ga wanne ne naki. Makonni biyun ƙarshe ki rubuta cikakkiyar takarda aƙalla sau biyu a zama ɗaya, kuma ki yi barci isasshe, kwanan zaune a daren jarrabawa ba ya ƙara komai.

Ban yi miki alkawarin 7 ba, wannan yana hannun Allah sannan ƙoƙarinki, amma tazarar da ke tsakanin 4 da 7 a wannan darasi yawanci ta iya tsara amsa ce, kuma mako bakwai ya isa a koye ta. Yau da dare, in Umma ta dawo ta huta, ki zauna kusa da ita ki fara ba ta labarin abin da ya faru a aji. Gobe ki nemi malamar. Ki sake rubuto mini in ji yadda kuka yi da Abba da Yaya. Allah ya buɗa miki ƙwaƙwalwa, ya ba ki sa'a, ya sanyaya zuciyar iyayenki a kanki.